Ranar da Yaya Ta Je Roƙon Datti

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ni ina da ikon faɗin abin da zan faɗa a kanta, amma kada wani ya taya ni. A layinsu ba mai kiranta da sunanta. Gwaggo Fes ake ce mata, yara da manya, a gaban idonta da bayan idonta, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Ita a wurinta ma yabo ne.

Tun tana budurwa har furfura ta cika mata kai, aikinta ɗaya ne, wanke kayan tiyata a asibiti. Wani ɗaki ne can ƙasa, ba taga, sai bututu da tururi. Almakashi, hantsaki, wuƙaƙe, farantan ƙarfe, duk abin da ya taɓa jikin mara lafiya sai ya bi ta hannunta: ta jiƙa, ta dirje da buroshi, ta ɗauraye, ta jera a tukunyar tururi. Takan ce in ta yi sakaci da lungu ɗaya na almakashi, wani zai mutu a sama bai ma san da zamanta a duniya ba. Gaskiya ta faɗa, kuma a iya sanina ba a taɓa dawo mata da kaya an ce ta sake ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne ba ta san inda asibiti ya ƙare gida ya fara ba. Da aka yi mata ritaya kuwa, sai ta tattara ƙarfin nan gaba ɗaya ta sauke wa gidanta.

In ka je wurinta, takalminka a waje, akwai silifas na baƙi a bakin ƙofa, kana fita a wanke su. Kujerun falo suna cikin ledarsu tun ranar da aka sayo su, ka zauna kana zamewa. Cokula tafasa su take yi. Hannun ƙofa sai an goge bayan kowane baƙo, ni ma da muka sha nono ɗaya ban tsira ba. Na sha yi mata tsiya in ce in mutuwa ta zo mata sai ta sa ta wanke hannu tukuna. Sai ta harare ni ta ce ai gara haka. 'Ya'yanta sun girma sun watse, in sun kawo jikoki a tsaye suke yini suna kama hannun yara, kafin la'asar sun gudu.

Mijinta kuwa Direba ake ce masa, don motar haya ta cikin gari ya ja har ƙarfinsa ya ƙare. Mutum ne mai sanyin hali, ni yake kira Auta, yana tsokanata in rama. Duk dokokin Yaya ya bi su bai taɓa musu ba. A baranda yake sauya kaya in ya dawo daga waje, a tsaye yake cin gyaɗa a bakin kwandon shara don kada ɓawo ya faɗi ƙasa. Abu ɗaya tak yake da shi a gidan nan da za a ce nasa ne, tankin gilashi a kusurwar falo, gefen taga, da kifin ado guda ɗaya a ciki. Kifin ya kai tafin hannu, launinsa kamar ɓawon lemo, ga jela doguwa da ɗan tsagu a gefe ɗaya. Kwandasta ya raɗa masa, wai don bakinsa ba ya hutawa, kullum buɗewa yake yana rufewa kamar mai kiran fasinja. Amininsa Mai Aski, wanda shagonsa ke bakin titi, shi ya ba shi kifin yana ɗan mitsitsi lokacin da ya ajiye tuƙi, don ya samu abin kallo.

Doka ɗaya Direba ya taɓa kafawa a aurensu, ita ce kada Yaya ta taɓa tankin nan. Kuma tankin, in faɗi gaskiya, ba abin da Yaya za ta iya kallo ba ne. Tsakuwar ƙasansa ta yi ruwan ƙasa, gilashin baya ya yi kore, ga wani ɗan inji a ciki mai tace ruwa, da soso a cikinsa da ya yi kama da an tsamo shi daga kwata. Duk mako Direba zai zuƙe ruwa kaɗan da tiyo cikin bokiti, ya ciro soson ya matse shi a cikin wannan ruwan da ya zuƙe, ya mayar da shi yadda yake, da dattinsa da komai. Wannan mayarwar ita ke kashe Yaya. Har kujerarta ta juya don ta ba tankin baya.

Akwai wani abu da ya faru shekarun baya da dole in faɗa, don ina wurin. Mai Aski ya zo duba yadda kifin ke girma. Kafin ya zauna Yaya ta shimfiɗa jarida a kan kujera, a kan ledar ma, wai gashin mutane na jikin rigarsa. Ya zauna. Ta kawo masa shayi ya sha, ya yi godiya. Yana bakin ƙofa yana sa takalmi, bai ma juya baya ba, ta ɗauki kofin da yatsu biyu ta jefa a robar ruwan bilic. Ƙarar faɗawar kofin kowa ya ji. Mai Aski ya gani, Direba ya gani, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Da na yi mata magana daga baya, cewa ta yi mutumin da ke taɓa kan kowa da kowa ai dole ne. Tun daga ranar Mai Aski bai sake taka gidan ba, Direba kuma bai taɓa ɗaga maganar ba.

To, bara Direba ya faɗi a ƙofar banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye. Ba wanda ya ce tayil ɗin a jiƙe yake da ruwan goge-gogen Yaya, ni ma ban ce ba. Aka kwantar da shi aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, likita ya ce zai daɗe a gado. Ranar da za a shiga da shi tiyata, bai yi maganar gida ba, bai yi maganar 'ya'ya ba. Ya kama hannun Yaya ya ce: "Kwandasta, abinci ɗan tsunkule da safe, shi ke nan. Kada ki taɓa komai, don Allah." Ta ce ta ji.

Na san Yaya. Ba mugunta ta yi ba. Faɗuwar nan tana cin ta a rai, ita kuma ba ta iya cewa yi haƙuri da baki ba, da buroshi take faɗa. Ta wanke labule, ta wanke bango, ta fito da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba ta sake wanke su. Da komai ya ƙare, sai ya rage ita da tankin a falo. Ta ce a ranta bari mutumin nan ya dawo ya tarar da abin da yake so yana ƙyalli. Ta ciro kifin ta sa a roba da ruwan famfo, ta tafasa tsakuwa har ta yi fari, ta dirje gilashi da bilic ta ɗauraye shi ɗauraya irin ta asibiti, ta tafasa soson nan ta matse, ta sake tafasawa. Sannan ta cika tankin da sabon ruwa daga famfo ta mayar da Kwandasta. Ta kira ni in zo in gani. Wallahi ya yi kyau, kamar ba ruwa a ciki, kifin kamar a iska yake yawo. Na ce mata amma ai an ce kada ki taɓa. Ta ce shekara da shekaru dabba na zaune cikin ƙazanta, yau ta samu 'yanci. Har ƙarin abinci ta zuba masa na murna.

Ba a yi nisa ba ruwan ya fara yin fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Yaya ta ga haka ta ce saura datti ne, ta sake kwashe komai ta sake wankewa. Ya sake yin fari, ta sake. Kwandasta ya daina zuwa gaban gilashi in an shigo. Ya koma saman ruwa yana haki, fukafukansa a manne da jiki, jelar nan mai kyau ta fito da jajayen layuka kamar an ja mata zare. Daga nan ya bar cin abinci, ya sauka ƙasa ya kwanta a kan farar tsakuwar, sai gefen kansa ke ɗagawa da sauri-sauri.

A asibiti kuwa, kullum muka shiga, kafin ya amsa sannu sai ya tambayi Kwandasta. Yaya, wadda ban taɓa jin ta yi ƙarya ba ko ta wasa, sai ta kafa ido a kan ƙarfen da ake rataya ledar ruwa ta ce lafiyarsa lau. Ya tambaya yana zuwa gaban gilashi? Ta ce yana zuwa. Ya yi murmushi ya ce ai kifin nemansa yake yi. Ma'aikatan jinya sun gaya mana mutumin ba ya son tashi ya gwada takawa saboda zafi, sai an ce masa kifinsa na jira sannan yake miƙa hannu a ɗaga shi.

Ni na kawo shawarar a sayo wani mai kama da shi a saka. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce mutumin da ya san tsagun jelar kifin nan fiye da yadda ya san fuskarta, shi za a yi wa haka? Kuma ƙaryar da ta riga ta yi ta ishe ta. Na ce to, mutum ɗaya ne a unguwar nan ya san kan abin, kin kuma san shi. Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba komai a kansa. Can ta ce in je mata. Na ce a'a, ni ban jefa kofin kowa a bilic ba, ƙafarki ƙafata dai in kina so, amma bakin naki ne. Ta ce ba ni da mutunci. Na ce na ji, ɗauko mayafinki.

Washegari da hantsi muka tafi. Shagon Mai Aski ɗaki ɗaya ne, madubi duk ɗigo-ɗigo, gashi a ƙasa an share shi gefe an tara, rediyo na ta surutu, maza uku ko huɗu a benci suna jiran layi. A bangon ciki ga wani ƙaton tanki, ya fi na Direba kore nesa ba kusa ba, kifaye a ciki ɓul-ɓul suna ta kai da kawowa. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta tattare bakin zaninta, sai kuma ta tuna abin da ya kawo ta, ta sake shi. Mai Aski ya tsufa, ya ranƙwafa. Ya gan mu ta madubi, ya gaishe ta da ladabi kamar jiya suka rabu lafiya, ya tambayi mai jiki. A nan muka ji cewa yana zuwa duba shi a asibiti, yana dai zaɓar lokacin da ya san ba ta nan.

Ba wani lungu da za a keɓe a yi magana. Dole a gaban mutanen nan ta faɗa.

"Kifin Malam ne ba lafiya. Na wanke tankin."

Mai Aski ya kashe injin askin. "Soson fa?"

"Na tafasa shi."

Wani a benci ya fashe da dariya, Mai Aski ya juya ya dube shi sau ɗaya, ya haɗiye abarsa. Sannan ya yi mata bayani a hankali, ba gori ba komai. Ya ce wannan dattin da ke cikin soso da tsakuwa, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke cinye fitsari da kashin kifi. In babu su, kifin yana zaune ne cikin abin da ya fitar, yana ƙona masa fata da wurin numfashi, ko da ruwan ya fi hawaye haske. Ga kuma maganin da ake zuba wa ruwan famfo, shi ma yana ƙona kifi in ba a bar ruwan ya huce ba. Ni sai da ya maimaita na gane. Yaya kuwa tun a jimlar farko ta gane, don ita ce ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da abin da ido ba ya gani. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, ashe akwai na kirki a cikinsu.

Ya ce ta zauna ya ƙarasa kan da ke hannunsa. Kujera ɗaya ce ba kowa a kai, a kusurwa, jikin tankin, da matashi da ya lotsa a tsakiya. Masu jiran layi sun gwammace su matsu a benci da su zauna a kanta. Ya ce kujerar Direba ce, ba mai hawa. Yaya ta zauna a bakin-baki. Ni ina tsaye ina ganin abin da idonta ke gani. A ƙarƙashin kujerar ga wasu tsofaffin silifas da ta jefa a shara da hannunta tuntuni. A ƙusa ga hular tuƙinsa mai maiƙo, wadda ta ce masa ko ita ko hular a gidan. A kan katakon da ke saman tanki ga kofi, cikinsa ya yi baƙi da shayi, da 'yar roba cike da ɓawon gyaɗa. Wani dattijo a benci, bai san yana yanka ta ba, ya ce ai shagon ya yi shiru tun da Direba ya kwanta, ba mai ba su labarin fasinjoji yana dariya har yana buga ƙafa. Ya ce kullum bayan azahar yana nan, wani lokaci har barci yake yi a kujerar, baki buɗe. Yaya ta san yana fita bayan azahar. Tattaki yake ce mata yana yi saboda likita, ita kuma har yaba masa take yi. Dariyar da ake magana kuwa, ni kaina na manta rabon da in ji ta a gidan.

Ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta, duk sun tsattsage da sabulu. Ni da na zo da shirin in ga an rama wa Mai Aski, sai na ji kunya ta rufe ni tare da ita, kamar ƙasa ta tsage mu shige mu biyu.

Da ya gama, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin tankinsa ya ciro nasa soson, shuɗi ne a da, yanzu ba a gane launinsa. Ya sa almakashi ya raba shi biyu. Yaya ta fito da kwalbar da ta zo da ita ko za a ba ta magani a ciki, wadda, Allah ya shirye ta, sai da ta tafasa kafin mu fito. Ya cusa rabin soson a ciki, ya ƙara da ruwan tankin, ya ce kada ya bushe, kada a ɗauraye, a saka shi yadda yake. Kwalbar ba ta rufu da kyau ba. Haka Gwaggo Fes ta ratso layi da rana tsaka, rungume da kwalbar ruwan ƙasa-ƙasa yana ɗiga a gaban rigarta, matan layi na leƙe. Wata ta tambaye ta ko lafiya, me ta ɗauko haka? Ta ce datti ne ta roƙo, ta wuce.

Kafin mu bar shagon ya ce da zai ga kifin da idonsa da ya fi, amma ba komai, ta riƙa aiko ni da bayani. Ta ce masa ya zo. Ya zo da yamma, ya cire takalmi, ya sa silifas na baƙi, ya wuce wurin tanki kai tsaye. Ta ce ya zauna, ya ce a'a, a tsaye ma ya isa. Ta kawo shayi, ya ce yanzu ya sha. Bai faɗa da fushi ba, kuma da ya yi fushin da ya fi mata sauƙi. Ta tsaya da faranti a hannu ta rasa inda za ta ajiye shi.

Ya tsara mata jinyar. A tara ruwa a bokiti a bar shi a buɗe ya kwana, a ɗiga masa wani magani da ya kawo a 'yar kwalba. Kullum a zuƙe kaɗan daga tanki a mayar da wannan, kaɗan fa, ba duka ba. A narka gishiri ɗan kaɗan a zuba. A daina ba shi abinci sai ya nema da kansa. Kada hannu mai sabulu ya shiga ruwan. Sauran aikin kuma, in ji shi, shi ne a ƙyale shi. Wannan na ƙarshen ya fi komai yi wa Yaya wuya. Ta juyo da kujerarta ta fuskanci tankin, ta zauna tana kallon kore na dawowa a gilashin baya kaɗan-kaɗan. Na shigo wata rana na tarar ta zauna a kan tafukan hannunta. Na ce mene ne haka, ta ce in ba haka ba tashi za ta yi ta ɗauko buroshi.

Mai Aski ya riƙa leƙowa kullum da safe kafin ya buɗe shago. Kullum ta kawo shayi, kullum ya ce ya gode. Ba ta fasa kawowa ba. Ruwan ya washe da kansa. Kwandasta ya tashi daga ƙasa, ya fara buɗe fukafukai, wata safiya ya zo saman ruwa ya cafke ƙwayar abinci, Yaya ta kira ni a waya tana murna kamar an yi mata jika. Sai kuma ga wani sabon abu: baƙin tabo ya fito masa a jela da gefen ciki, kamar an shafa masa gawayi. Ta tsorata. Mai Aski ya ce alamar warkewa ce, wurin da ya ƙone ne ke yin haka, wataƙila ya goge, wataƙila ya zauna. Yaya ta daɗe tana kallon tabon. Ta ce shi ke nan, ko ta yi shiru kifin zai faɗa. Sau biyu ta shirya za ta gaya wa Direba a asibiti, sau biyu ta dawo da maganarta a ciki, don yana ganinta yake fara ba ta labarin yadda ya taka har bakin ƙofa saboda Kwandasta.

Ranar da aka sallame shi ni na je ɗauko shi da babban ɗansu, Yaya ta ce za ta jira a gida. Ɗan ya sauke mu ya koma wurin aiki. Direba ya shigo yana dogara sandar ƙarfe, ya tsaya a baranda zai fara cire riga kamar yadda ya saba, Yaya ta ce ya shigo haka. Ya dube ta, ya shigo. Bai nemi ruwa ba, bai nemi gado ba, ya ja ƙafa har gaban tankin ya zauna da ƙyar. Kifin ya taso ya zo gaban gilashi yana buɗe baki. Direba ya dubi farar tsakuwa, ya dubi baƙin tabo, ya leƙa cikin injin ya ga soson da ba nasa ba. Sannan ya sa yatsa a jikin gilashin ya ce, Kwandasta, ka sha wuya.

Yaya na tsaye a bayansa, ta harɗe hannuwa a baya kamar 'yar makaranta.

"Ni ce, Malam. Na wanke. Kuma duk lafiya lau ɗin da na riƙa ce maka ƙarya ce."

Bai juyo ba. "Soson nan na Mai Aski ne. Aiko miki ya yi?"

"Ni na je."

"Shagon?"

"Shagon. Na ga kujerarka. Na ga hularka da silifas ɗinka."

Sai na ga wuyan Direba ya sunkuya. Tsoho da furfura, ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya fara cewa ai ba wani abu ba ne, hanya ce kawai take biyawa da shi ta can. Ta ce ya bari, ba tuhumarsa take yi ba. Ta ce in ya warke ya ci gaba da zuwa, ba ta hana ba, ita dai abin da take so ta ce shi ne, sai maganar ta maƙale, ta kasa ƙarasawa. Su biyun kowa na jin kunyar kowa, ba mai iya kallon wani. Ni kuma ga ni a tsakiya da ledar magunguna a hannu.

Don in samu abin yi, na ajiye ledar na kai hannu zan ɗauke wani kofi da na gani a kan ɗan teburin gefen tanki. Sai a lokacin na lura da shi sosai. Guntun shayi ne a ciki ya huce, har ya yi zobe a kan teburin, ƙuda ɗaya na zagaya bakinsa. A gidan Yaya. Direba ma ya bi hannuna da kallo, ya tambaya na wane ne.

"Na Mai Aski ne," in ji Yaya. "Yau da safe ya sha. A zaune." Ta dube ni, idonta ya cika. "Auta, bar shi."

Direba ya dubi kofin, ya dubi kujerar da ke kusa da shi, sai yanzu ya ga ba leda a kanta. Ya sa bayan hannu ya goge ido. Na janye hannuna. Da na dawo washegari da safe kawo musu burodi, kofin na nan inda yake.